Dalma a cikin iskar Damagaram: daga hazon hunturu take ko daga hayaƙin unguwa?

Ɗan_Birni74
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tun shigowar hunturu wani saƙo ke yawo a WhatsApp, wai hazon nan da ke rufe Damagaram cike yake da dalma da wasu ƙarafa masu guba, wai shi ya sa tari ya ƙi barin yara. An haɗa da hoton wata ƴar na'ura mai kama da rediyo, lambarta ta yi jajir. Tambayata biyu ce. Da gaske ƙurar da iska ke kwasowa daga gabas tana ɗauke da dalma? Sannan ita wannan na'ura da ake talla a intanet, in mutum ya saya ya ajiye a tsakar gida, za ta faɗa masa ko akwai dalma a iskar da iyalinsa ke shaƙa? Masana ku taimaka, hankalin matan gidanmu ya tashi.

Kabukabu_Zango
Wa alaikumus salam. Ni dai in na wuni kan moto tsakanin Kasuwar Dole da tasha, da yamma in na fyace hanci baƙi ne ke fita. Ƙurar hunturu kuwa fara-fara ce. To shi baƙin daga ina?

Mushe_Kimiyya
Malam Ɗan Birni, mu fara da na'urar. Ba za ta faɗa maka ba. Abin da ke cikinta ƴar fanka ce da hasken leza. Iska ta shiga, ƙwayoyin ƙura su gitta ta gaban hasken, ita kuma ta ƙirga su ta ƙiyasta nauyinsu. Ko yashi ne, ko toka, ko dalma, duk ɗaya ne a wurinta. In lamba ta yi ja, ƙura ce ta yi yawa, iyakar abin da ta sani ke nan. Kuma irin waɗannan ƙanana sun fi ganin ƙwayoyin hayaƙi, manyan ƙwayoyin hazo sukan kuɓuce musu.

Za ka ga an rubuta PM10 da PM2.5 a jikinta. Na farko shi ne ƙurar da ƙwayarta ba ta wuce mikromita 10 ba, na biyu 2.5. Kaurin gashin kan mutum mikromita 50 zuwa 70 ne, ka ga ido ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu. PM10 yawanci a hanci da maƙogwaro da manyan hanyoyin numfashi take tsayawa, PM2.5 ce ke kai wa can cikin huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka: a rana ɗaya kada PM10 ta wuce mikrogram 45 (mikrogram kashi ɗaya ne cikin miliyan na gram) a kowace mita kubik ta iska, PM2.5 kuma 15. Ranar da hazo ya sauka sosai a Sahel, PM10 takan haura ɗaruruwa, wani lokaci ta wuce dubu.

Batun inda take fitowa, babbar mahaifarta kwarin Bodele ne a ƙasar Cadi, arewa maso gabas da tafkin Cadi. Gindin tsohon tafki ne da ya ƙafe. Iska takan matsu tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashi garin ƙasar nan ta yo yamma da shi. Babu masana'anta a can. Yashi ne da laka da ragowar ƙananan halittun tafki.

Alhaji_GarinMalam
Ka gama magana Mushe. Kakanninmu sun sha hunturu shekara da shekaru a garin nan, ba mu ji an ce dalma ta kashe kowa ba. Masu saƙon suna so su sayar da na'urarsu ne.

MamanHalima_Karkada
Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma zamanin kakanni ba a fasa batir a bayan katangar mutane. Bayan gidanmu akwai kango, wasu samari ke tara tsofaffin batiran mota da na sola, su fasa da gatari, su zubar da ruwan a ƙasa, su narkar da abin ciki a cikin rabin tano da gawayi. Da dare suke yi. Hayaƙin in ya shigo sai ka ji ɗanɗanon ƙarfe a bakinka, da safe kuma wata toka-toka na kwance a kan kayan da na shanya da murfin randa. Yarana uku a tsakar gidan nan suke rarrafe da wasa. Ni ba hunturu nake tsoro ba.

ƳarLabo_Yamai
Maman Halima, maganarki ta fi saƙon WhatsApp ɗin tayar mini da hankali, zan dawo kanta. Ni ƴar Birni ce, aiki ya kai ni Yamai, kuma awon irin wannan shi ne sana'ata. Bari in faɗi yadda ake yi.

Ana kafa famfo mai zuƙar iska da adadi sananne. A bakinsa akwai kai mai ware girman ƙwaya, ya bar PM10 kaɗai ko PM2.5 kaɗai ta wuce. Bayan kan nan akwai mataci, wani ɗan farin faifai mai faɗin milimita 47, na kwats ko na Teflon. Kafin a fita da shi sai ya zauna a ɗaki mai daidaitaccen zafi da laima, an auna shi da sikeli mai ganin mikrogram. Famfo ya yi awa 24 yana zuƙa, a dawo da mataci ɗakin nan, ya sake zama, a sake aunawa. Abin da ya ƙaru shi ne ƙurar.

Ga misali na lissafi kawai, don a gane. Famfo mai jan mita kubik 1 a awa zai ja 24 a rana. In mataci ya ƙara miligram 4.8, wato mikrogram 4,800, ka raba da 24, ka samu 200 a kowace mita kubik. Har yanzu ba ka san kome ba game da dalma, nauyin ƙura kawai ka sani.

Don sanin ƙarafan, sai a narkar da abin da ke kan matacin cikin asid nitirik mai tsabta a rufaffen mazubi da ake zafafawa. In ana son yashin kansa ya narke gaba ɗaya sai an ƙara asid hidrofulorik, wanda ke cin gilashi, yana kuma da mugun haɗari ga mai aikin. Ruwan da aka samu shi ake ba na'urar ICP-MS. Tana fesa shi cikin wutar iskar argon mai zafin digiri dubbai, ta ware kowane ƙarfe bisa nauyinsa ta ƙirga: dalma, kadmiyom, nikel, arsenik, tutiya, jan ƙarfe. Akwai kuma XRF, ita haska matacin take yi, kowane ƙarfe ya maido da irin nasa hasken. Ba ta lalata mataci, tana da sauri, amma in abu kaɗan ne ICP-MS ta fi ta ido.

Abin da ke ɓata aikin mutane da yawa shi ne tsabta. Nanogram muke nema, kashi ɗaya cikin biliyan na gram. In ka kama mataci da hantsakin ƙarfe ko da yatsa, ka riga ka sa masa abin da za ka je ka ce daga iska yake. Shi ya sa da na roba muke kamawa, kuma kullum akwai mataci na shaida: a tafi da shi wurin, a buɗe a rufe, kada a zuƙi iska da shi, a auna shi tare da sauran. Abin da aka gani a kansa a cire daga lissafi. Duk wanda ya kawo maku sakamako, ku tambaye shi iska nawa ya ja, ina matacinsa na shaida. In ya rasa amsa, ku ajiye takardar.

Ɗan_Birni74
Allah ya saka da alheri ƙanwata. To nawa ne ya yi yawa? Kuma shi hazon, ko kaɗan babu dalma a cikinsa?

Mushe_Kimiyya
Akwai, domin duk ƙasar duniya tana da ƴar dalma, wajen miligram 20 a kilo. Mu lissafa tare. Ranar mugun hazo, a ce ƙura ta kai mikrogram 1,000 a mita kubik. Dalmar da ke ciki ta halitta za ta zama wajen mikrogram 0.02. Iyakar Tarayyar Turai 0.5 ce a matsakaicin shekara, ta Amurka kuma 0.15 a matsakaicin wata uku tun 2008. Ka ga ko a rana mafi muni, hazo shi kaɗai bai kusa ba. Cutar hazo tana cikin yawansa ne, yadda yake tayar da asma da tari da ciwon huhu, yana wahalar da tsofaffi masu ciwon zuciya.

ƳarLabo_Yamai
Lissafin Mushe daidai ne ga dalma. Sai dai a kula, ba kowane ƙarfe ne haka ba. Turai ta sa nanogram 20 ga nikel, 6 ga arsenik, 5 ga kadmiyom, duk a kowace mita kubik ta iska, a matsakaicin shekara. Nikel na cikin ƙasa ta halitta, ranar da hazo ya yi kauri ƙura kaɗai za ta iya ɗaga lambarsa sama. Wanda bai san Sahel ba sai ya ce masana'anta ce. Don haka muke auna alminiyom tare da sauran, saboda shi ne shaidar ƙasa, wajen kashi 8 cikin ɗari na ɓawon duniya. Sai a duba dalma nawa ke zuwa kan kowane ma'aunin alminiyom a matacin, a gwada da yadda yake a ƙasa ta asali. In sun yi kusa, ƙasa ce ta tashi. In na matacin ya ninka sau 10 ko fiye, hannun mutum ne. Kamar mai sayen gero ne, ya san tsakuwar da ke zuwa daga masussuka, in ta wuce kima ya san ƙara ta aka yi.

Kabukabu_Zango
Ba a amsa mini batun baƙin hanci ba. Ko man kwalba da muke sha ne ke da dalma?

Gareji_SabonGari
Ɗan'uwa, baƙin hayaƙin gazuwal ne da man juye da injin da ya gaji ke ƙonawa, ga na itace da na juji. Ka duba salansar tsohuwar babbar mota ka shafa yatsa, shi ne abin da ke hancinka. Dalma kuwa an daina sa ta a fetur a ƙasashenmu na kudu da Sahara tun farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Amma wadda ta zuba a bakin tituna kafin nan tana nan a ƙasa, ba ta ruɓewa. Birki kuma in yana cinyewa garin jan ƙarfe yake saki, taya na sakin tutiya.

Nas_Mirya
Ina so mu koma kan Maman Halima kafin zancen ya yi nisa. Yaya, kada ki jira a kafa famfo. Ki kai yaran nan asibiti, ki faɗa wa likita ƙarara cewa ana narkar da batir a bayan gidanki, ki nemi a duba dalma a jininsu. Yaro ba ta hanci kaɗai yake ɗauka ba. Tokar nan da ke sauka a ƙasa, ya dafa da hannu ya kai baki, ita ce babbar hanya, kuma cikin yaro yana tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba. Sau da yawa ba a ganin alama da wuri. Daga baya sai ciwon ciki, ƙarancin jini, kasala, jinkirin magana, rashin gane karatu. In ta yi yawa sai jijjiga da suma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga mikrogram 5 a desilita na jini, wato kashi ɗaya cikin goma na lita, a nemo inda take fitowa a tsayar, kuma babu adadin da aka ce ba ya cutarwa.

Alhaji, maganar ba a ji ta kashe kowa ba: a 2010 a Zamfara, nan maƙwabtanmu, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Bagega. Dutsen zinariya mai dalma ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta cika ɗakuna. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani. A 2008 kuma a Caroy, gefen Dakar, yara 18 suka rasu, su kam ta dalilin tsofaffin batiran mota ne.

Alhaji_GarinMalam
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Zamfara na ji shi a rediyo lokacin. Amma dai maganata kan hunturu tana nan, Mushe ma ya tabbatar.

MaiBatir_227
Na karanta duka, raina ba daɗi. Ni gyaran batir nake yi tun ina yaro, da shi na yi aure, da shi nake ciyar da mutum tara. Sola ta cika gari, batir ya yi ƴan shekaru ya mutu, dole wani ya karɓe shi. In mun bari, yara ne za su kwashe daga juji su fasa. Ku faɗa mana abin da za mu yi, ba ku ce mu bar sana'a ba.

ƳarLabo_Yamai
Yaya MaiBatir, ba wanda ya raina sana'arka, kuma kai ne na farko da hayaƙin ke shiga jikinsa. Dalma tana narkewa a digiri 327, wutar gawayi da ake hura wa iska kuwa tana wuce haka nesa, sai ta riƙa tashi a hayaƙi mai ƙananan ƙwayoyi, irin waɗanda ke kai wa ƙarshen huhu. Abin da ya fi shi ne a sayar da batir ɗungurungum, da ruwansa a ciki, ga masu kai wa masana'antar da aka yi don haka. Fasawa da narkarwa a cikin unguwa babu yadda za a yi shi lafiya. Kafin nan, kada ka ci abinci ko goro a wurin aiki, kada yaro ya zo taya ka, kayan aiki da takalmi su kwana a can, ka yi wanka kafin ka ɗauki ɗanka. Yawancin dalmar da ke kai wa ƴaƴan masu wannan aiki a jikin rigar uba take zuwa gida.

Majemi_Birni
Tunda ana lissafa sana'o'i, kada wani ya sako majema. Mu da bagaruwa muke jima kamar yadda muka gada. Ƙarfen kuromiyom da ake jima da shi na masana'anta ne, ba namu ba. Wari muke da shi, ban musa ba. Masu babbakar kai da ƙafa da tsohuwar taya su ya kamata a yi wa magana, wannan hayaƙin har naman yake kamawa.

ƳarTudunJamus
Kwalli fa? Kakata kowane jariri sai ta sa masa tun ranar suna.

Nas_Mirya
Kwallin dutse mai ƙyalli, wanda ake niƙawa, yawancinsa ma'adinin dalma ne. Jariri ya murza ido ya tsotsi hannu. A lallashi Kaka ta bar sa wa yara. Wannan ba ta iska yake zuwa ba, amma jini ɗaya yake tararwa.

Ɗan_Jado
Na yi aikin zinariya a Jado, can arewacin ƙasar nan. Can da zaiba ake kama zinariya, a ƙona a cokali ta tashi. Wasu in sun dawo gida da ɗan abin da suka samu a ɗaki suke ƙonawa. Matacin naku zai kama wannan?

ƳarLabo_Yamai
Ba zai kama ba, tambayarka ta yi kyau. Zaiba a iska yawancinta tururi ce, ba ƙwaya ba, ta cikin mataci take wucewa. Awonta daban ne, da bututu mai ɗauke da zinariya a ciki wanda take maƙalewa a kai. Ƙona ta a ɗaki kuwa haɗari ne babba, bango da katifa suna riƙe ta su yi ta saki.

Baban_Sani_Tanut
Mu da ke hanyar matatar mai fa, yaya za a gane abin da ke fitowa daga can da wanda ba nata ba?

Mushe_Kimiyya
Da famfo biyu a rana ɗaya, ɗaya ta inda iska ke fitowa kafin ta iso wurin, ɗaya ta inda take tafiya, ana rubuta alkiblar iska awa bayan awa. Da hunturu daga arewa maso gabas take, da damina ta juya daga kudu maso yamma, ka ga wanda ke gaba yau shi ne a baya a watan Agusta. Nikel da banadiyom in sun tashi tare, alamar ƙona mai mai nauyi ce. Haka za a yi wa kowace masana'anta, haka za a yi wa kangon bayan gidan Maman Halima. Kafin a yi wannan babu mai hurumin ɗora laifi ko wanke wani.

Kuma awon ƙura a ƙasar nan ba baƙon abu ba ne. A 2006 an kafa tasha a Banizumbu, gabas da Yamai, mai auna PM10, tare da ƴan'uwanta a Cinzana ta Mali da Mbur ta Senegal. Ga jami'ar André Salifou a garin nan, ɗaliban kimiyya na neman abin da za su yi bincike a kai. Wannan aiki ne da zai amfani gari.

ƳarLabo_Yamai
In ɗalibai za su yi, abu biyu su shirya masa tun farko. Ranar hazo mataci yakan toshe kafin awa 24, jan iska ya ragu, in ba a lura ba lissafi ya lalace, gara a canja shi a rabin rana. Sai ɗaukewar kuran: famfon ya zama mai rubuta adadin iskar da ya ja, ba a dogara da agogo ba. Kuma kada a ɗauka ranar Alhamis kaɗai don kasuwa ta cika. Ana yin kowane kwana 6, da haka kowace rana ta mako za ta shigo, a haɗa hunturu da bazara da damina.

MamanHalima_Karkada
Na gode Nas, gobe in Allah ya kai mu zan kai su. Na daina shara a bushe, sai na yayyafa ruwa, ko da yake kun san yadda ruwa yake a garin nan, bidon nawa za ka saya don ƙasa. Maigida zai je wurin mai unguwa. Ba ma son rigima, iyayen yaran nan maƙwabtanmu ne.

MaiBatir_227
Hajiya, ku je tare da wani babba a cikin masu sana'ar, sun fi jin maganarsa. Amma batun sayar da batir ɗungurungum, ƴar'uwa, kuɗin da ake ba mu bai kai na narkakkiya ba. Nan gizo ke saƙar.

Kabukabu_Zango
Famfon da ke kan soro ba ya bin bayan babbar mota kamar yadda nake bi. Yaya za a auna abin da ni nake shaƙa?

ƳarLabo_Yamai
Akwai ƙarami na ma'aikata. Ana rataya famfon a ɗamara, bututu ya hau kafaɗa, matacin a maƙale shi a wuyan riga kusa da hanci. Yana jan wajen lita 2 a minti, ka yi awa 8 kana aikinka yadda ka saba, a cire a rufe a kai labo. Da shi ake auna masu walda da masu narkar da ƙarfe. Rawani da ƙyallen hanci manyan ƙwayoyi suke tarewa, don hayaƙi ka nemi takunkumi mai lambar FFP2 ko N95, ka matse ƙarfen kan hancin sosai kada iska ta bi ta gefe.